Sunan da Kaka Ta Tsallake a Gurbin Ayu

Gabas da Tungar Bauna, inda kogi ya yi gwiwa ya lafa kamar mai barci, akwai wani gurbi da ko gwangwala goma aka haɗa ba za ta taɓo ƙasansa ba. A ƙarƙashin gurbin nan gari ne sukutum, da ganuwarsa da kasuwarsa da fadarsa. Na shiga garin da ƙafata, da tsohuwa goye a bayana. Ga yadda abin ya faru.

Kakata Tabawa 'yar Tungar Bauna ce, aure ne ya kai ta tudu, garinmu da ba mu san ruwa ba sai na rijiya. Da gwiwoyinta suka fara ƙin ɗaukarta sai ta ce tana so ta ga gida tun idonta yana gane mutane. Muka shirya mu huɗu: ita, da mahaifina Haladu wanda shi ne ɗanta na fari, da ni Sallau, da 'yata Ladidi mai shekara biyar.

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Kaka ta kama sunan Baba ba. Ɗan fari ne, ga shi kuma sunan surukinta aka sa masa, kunya ta zama biyu. Da aka yaye shi uwar mijinta ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma, shi ya sa ma Gwaggo yake ce wa Kaka. In tana so ya ji magana, ni take gaya wa, ko da yana zaune a gabanta. "Maigida," haka take tsokanata, "ka ce wa wancan tuwonsa na hucewa."

Ƙanenta Gado ne ya sauke mu, wani tsohon masunci mai hannu kamar itacen ƙirya. Washegari da hantsi ya ce mu shiga kwale-kwale ya kai mu tsallake mu gai da sauran dangi, a hanya kuma yarinya ta ba idonta abinci.

Ai kuwa ta ba shi. Ba mu yi nisa ba garken kirinjijiya ya tashi daga cikin ciyawa yana fito. Can ga zalɓe a tsaye da ƙafa ɗaya, Ladidi ta ce wa ya cire masa ɗayar. Guza ya silalo daga kan kututture ya faɗa ruwa. Karnukan ruwa biyu suka biyo mu suna leƙe, gashin bakinsu na ɗiga.

"Baba, ga duwatsu suna numfashi!"

"Ba duwatsu ba ne, dorinai ne," in ji Kaka Gado. "Sauke yatsanki, 'yar tudu, ba a nuna su. Kai kuma Sallau, zauna tsakiya, wannan ba jakin gidanku ba ne."

Baba yana ta dariya, shi ma yau ya fara ganin irin wannan. Shekararsa hamsin da takwas bai taɓa taka garin uwarsa ba.

Da muka doshi gurbin sai Kaka Gado ya ɗaga filafilinsa ya bar jirgin yana tafiya da kansa. Ya ce kakansu ya taɓa samun jaririn ayu a cikin tarunsa, ya kwance shi ya mayar. Tun daga ranar aka yi alkawari tsakanin gidansu da mutanen gurbi: ba su cin ayu, ruwa kuma ba ya cin nasu. Sai dai duk matar gidan da ta zo da zuriyarta, dole ta sa hannu a ruwa ta faɗi sunan kowa da bakinta, don a san su. Wanda ba a faɗa ba, baƙo ne.

Kaka ta naɗe hannun rigarta ta tsoma.

"Salamu alaikum, mutanen gurbi. Ni ce Tabawa 'yar Barmo, na dawo. Ga jikana Sallau. Ga 'yarsa Ladidi. Ga kuma..." Ta kawar da kai. "Ga wancan."

Ta cire hannu ta goge a zane.

"Yaya, kin tsallake ɗaya."

"Sun gan shi ai, ko makafi ne?"

"Yaya, ba haka ake yi ba. Mayar da hannunki."

"A gaban jikoki? Gado, tsufa ya fara taɓa ka. Tuƙa mu tafi."

Baba ya ce, "Bar ta, Kawu. Gwaggo ba za ta faɗa ba, mun saba." Ya faɗa yana murmushi, amma ya juya mana ƙeya yana kallon ruwa.

Sai komai ya yi tsit. Tsuntsayen da suka cika mana kunne kamar an ɗauke su. Ruwan ya daina motsi, ya yi baƙi wuluk. Wani kai ya ɓullo dab da jirgin, santsi, toka-toka, da ƙananan idanu masu taushi kamar na tsohuwa. Ladidi ta raɗa, "Baba, saniya ce?" Kaka Gado ya ce a hankali, "Ayu." Ayun ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan Baba. Baba ya sunkuya ya miƙa hannu kamar wanda aka ce zo ka ji. Ko ɗigo bai fantsama ba. Yana nan, sai ba ya nan.

Na yunƙura zan faɗa, Kaka Gado ya damƙe wuyan rigata.

"Tsaya! Ba nutsewa ya yi ba, ɗaukarsa aka yi. In la'asar ta yi yana can, ya zama nasu har abada. Uwa ce kaɗai ke karɓo shi, ni kuma in na saki jirgin nan babu inda za ku dawo."

Muka dubi Kaka. Fuskarta ta yi fari kamar toka. Ta warware mayafinta ta miƙo mini.

"Juyo, Maigida. Goya ni."

Na durƙusa ta hau, muka ɗaure. Ba ta fi damin dawa nauyi ba. Kaka Gado ya ce kada mu ci, kada mu sha, kada mu ɗauki komai. Ladidi ta ƙanƙame ƙafarsa tana kuka marar sauti. Na yi bismilla na zura ƙafa, ina jiran sanyi ya kama ni, sai na ji na taka tudu. Ruwan ya dare gida biyu kamar an yaye labule, ga matakala ta farin yashi ta yi ƙasa.

Na yi ta sauka. Ruwa ya rufe a samanmu ya zama kamar sararin sama, kore shar, rana tana lilo a cikinsa. Kifaye suna wucewa bisa kanmu yadda tsuntsaye ke yi. Ina numfashi lafiya lau, sai dai kowane numfashi da ɗanɗanon laka.

Muka iske ganuwa, an gina ta da ƙasusuwan giwan ruwa. A ƙofar wani kada ne kwance, tsawonsa ya yi jirgi uku, gansakuka ta lulluɓe bayansa. Ya hangame baki, muƙamuƙin sama a kan ƙofar, na ƙasa a dokinta. Babu hanya sai tsakanin haƙoransa.

Na gaishe shi. "Ranka ya daɗe, Sarkin Ƙofa."

"Wa ke sallama da ƙafa biyu da kai biyu?"

"Sallau ne jikan Tabawa, da Tabawa 'yar Barmo."

"An ji sunayenku da hantsi, ku na gida ne. Me kuke nema a garin da ba a gayyace ku ba?"

"Mahaifina aka kawo."

"Baƙo aka kawo, ban san mahaifin kowa ba. Ku wuce in za ku iya. Amma ka sani, ɗan Adam, bakin nan nawa ne, dokarsa ba tawa ba ce. Mai tafiya baƙunci ya zo, mai gudu abinci ne."

Kaka ta raɗa mini, "Yau sanyin jikin nan naka zai yi rana. Taka kamar za ka gona."

Na shiga. Harshensa laushi kamar jiƙaƙƙiyar katifa, wari kamar na tsohuwar rijiya. Ina jin muƙamuƙin yana saukowa kaɗan-kaɗan, har wani haƙori ya shafi ɗankwalin Kaka. Duk jikina yana cewa ruga. Na kama ƙirga takuna kamar ina bin kunya ina shuka, ɗaya, biyu, ban ƙara sauri ba. A taku na sha tara muka fita ta gefen bakinsa, ya rufe a bayanmu da ƙarar da ta girgiza ganuwar.

Sai ga mu a kasuwa. Duk abin da kogi ya taɓa ci yana nan a shimfiɗe: ƙore, takalma wari-wari, awarwaro, buhunan gishiri, keken ɗinki, har da rediyo tana magana ƙasa-ƙasa. Masu sayarwa suna da jikin mutane, amma da gashin baki irin na tarwaɗa, idanunsu ba sa ƙiftawa. Ƙishi ya taso mini irin wanda ban taɓa ji ba ko a azumin bazara. Wata mata ta tare ni da ƙwaryar fura mai sanyi.

"Sha, ɗan Tabawa, kyauta ce. Ka sha hanya."

Hannuna ya ɗaga da kansa. Kaka ta kama kunnena ta murɗe.

"Mayunwacin banza! A gidana ka taɓa rasa fura?"

Na ba matar haƙuri na wuce. Ba mu yi taku goma ba na ji wani yana shela: "Hular baƙon yau! Takalmin baƙon yau! Ba zai ƙara bukatarsu ba!" Na waiga, ga hular Baba a kan sanda, ga takalmansa da na wanke masa jiya. Farcen Kaka ya shiga kafaɗata har na ji zafi. Na ɗaga kai na dubi rana ta cikin ruwan. Ta riga ta gota tsaka.

Bayan kasuwa wani fili ne na taɓo, faɗinsa ya kai tafiyar rabin yini, can ƙarshensa fadar tana ƙyalli. Dorinai sun fi ɗari suna kiwo a ciki. Na sa ƙafa, na nutse har gwiwa. Na ja, ɗayar ta nutse har cinya. Ina cikin wannan sai ƙasa ta girgiza, wata uwar dorina ta tsaya a kanmu, ɗanta manne da cikinta.

"Ke ce matar da ta ce wa ɗanta wancan?" Muryarta kamar ana mirgina turmi.

Kaka ta ce, "Ni ce, uwar garke."

"Ni nawa ko taku ɗaya ya yi sai na sani. Na kife jirage bakwai saboda sun gifta tsakanina da shi. Duk kogin nan ya san nawa ne. Ke wace irin uwa ce?"

Na ji ƙirjin Kaka yana bugawa a bayana. Sai ta ce:

"Irin wadda aka koya wa ta so a ciki. Ke an bar ki da naki. Ni ina da shekara goma sha shida aka ce in na dube shi a gaban mutane na yi rashin kunya. Na iya, har na iya fiye da kima. Ki taka ni in kin ga dama, amma ki bari in isa tukuna."

Dorinar ta huro iska ta hanci, ta dubi ɗanta, ta dube mu. Sai ta durƙusa.

"Ku hau. Ba don ke ba, don shi."

Ta keta taɓon nan da mu kamar jirgi, ina riƙe da kunnenta, Kaka tana riƙe da ni. Ta sauke mu a ƙofar fada ta juya ba sallama.

Fadar da ƙwaryar kawa aka yi ta, ɓawon nan mai sheƙi na ƙasan kogi, tana ɗaukar ido. A tsakiya wata mace ce zaune a kan kunkuru, daga kai zuwa ƙugu mutum, fara sol da furfura har ƙasa, daga ƙugu kuma ayu. Ita ce Magajiyar Gurbi. A hagunta wani dogon zaure ne cike da ayu kwance jere, ba motsi. A bakin zauren na ga Baba. Yana zaune ya jingina da bango, ƙafafunsa sun haɗe sun zama wutsiya, toka-tokar fatar ta hau har ƙirjinsa. Idonsa a buɗe, amma ba kowa a ciki.

"Baba!" Ko gezau.

Na kwance Kaka, muka zube.

Kaka ta ce, "Allah ya ja zamanin Magajiya. Mun zo biko."

"Tabawa 'yar Barmo, na san ki tun kina wanka tsirara a bakin gaɓa. Gidanku bai taɓa ci mana amana ba, mu ma haka. Na aika a dubo jirginku, aka ce mutum uku na gida, da mai tuƙi, da baƙo ɗaya. Baƙon da ya ratsa gurbi namu ne. Ina laifinmu?"

"Ba baƙo ba ne, ranki ya daɗe. Uban wannan ne."

"Uban wannan ba suna ba ne."

"Mai sunan Malam ne."

"Malamai da yawa ruwa ya ci."

Na ce, "Ranki ya daɗe, ni in faɗa. Sunansa..."

Ta ɗaga yatsa ɗaya, harshena ya manne a ganɗa.

"Kai ka haife shi? Alkawari da bakin uwa aka yi. Ki kira shi, Tabawa. Sau uku na ba ki. Kira kaɗai bai isa ba, sai ya amsa. In fatar nan ta rufe maƙogwaronsa kuwa, ko yana so ba shi da abin amsawa."

Kaka ta miƙe tana dafa ni. Ta buɗe baki ta rufe. Ta sake buɗewa. Gumi yana bin goshinta a ƙarƙashin ruwa. Ta dubi ƙasa, ta ce can ciki, kamar mai tari, "Haladu."

Ni kaina da kyar na ji. Baba bai motsa ba.

"Ɗaya," in ji Magajiya.

Fatar ta kai kafaɗarsa. Hannayensa sun fara gajarta. Kaka ta ja numfashi, ta rufe ido, ta ƙwala da ƙarfin da ban san tana da shi ba:

"Haladu!"

Fadar ta amsa. Baba ya ɗan juyo da kai, ya ce a hankali, kamar mai magana cikin barci, "Wa ke kirana? Na san sunan. Na san muryar. Amma ban san su tare ba." Ya mayar da kai bango.

"Biyu."

Na ɗaga kai, rana ta karkata sosai, ga wani ɗan baƙin ɗigo can sama, jirgin Kaka Gado ke nan da 'yata a ciki. Me zan ce mata in na koma?

Kaka ta saki kafaɗata. Matar da ba ta iya taku biyar ba sanda, ta ja jiki da gwiwa da hannu har bakin zauren. Ta zauna ta jawo kan Baba ta ɗora a cinyarta. Ban taɓa ganin ta taɓa ko gefen rigarsa ba.

"Ka san su tare," ta ce. "Ka manta ne. Kana shekara uku ƙyanda ta kama ka, aka ce ba za ka kai Juma'a ba. Tsohuwa kakarka ta tafi neman magani, gida ba kowa, ina daka. Na ajiye taɓarya na shiga ɗakinta kamar ɓarauniya. Na ɗauke ka haka, jikinka kamar garwashi. Na sa baki a kunnenka na yi ta faɗa, na yi ta faɗa, har ka buɗe ido ka kama mini ɗan kunne. Da na ji tafiyarta na ajiye ka na koma turmi. Ban gaya wa kowa ba, ko ubanka."

Fatar ta taɓa ƙasan wuyansa. Ta sunkuya ta sa bakinta a kunnensa, ta faɗa da wata 'yar murya siririya, ta yarinya, tana jan ƙarshen kamar mai rarrashi.

"Haladuna. Haladu."

Na ji Magajiya ta ja numfashi za ta ƙirga.

Sai leɓen Baba ya motsa.

"Na'am, Inna."

Fatar nan ta tsage daga wuya har ƙasa kamar ɓawon rogo, ta zube. Ga ƙafafunsa, ga yatsunsa goma. Ya fashe da kuka, dattijo da furfura a gemu, ya cusa fuska a cinyarta.

Magajiya ta ce, "An ji. Haladu ɗan Tabawa na gida ne, shi da abin da ya haifa. Ku tafi, la'asar tana bakin ƙofa." Ta bugi ƙasa da wutsiya.

Ruwa ya ɗauke mu kamar an ɗaga mu a faifai. Kafin in gama salati kawunanmu sun ɓullo a gefen jirgi, Kaka Gado yana jawo mu ɗaya-ɗaya yana hamdala, Ladidi ta maƙale a wuyana tana dukana wai na daɗe. Daga tsallake muka ji ladan ya ɗaga murya.

Kaka Gado ya juya jirgi. Tsuntsaye suka dawo da hayaniyarsu, wasu gauraki biyu suka ratsa ta kanmu. Baba bai koma wurinsa na gaba ba, ya zauna a gefen Kaka, kafaɗa da kafaɗa, kai ba hula, ƙafa ba takalmi. Ita kuwa ta kafa wa ruwa ido, fuska a ɗaure kamar ba ita ba. Ina ta jira in ji ta ce, Maigida, ka ce wa wancan.

Muna dab da gaɓa, mata sun cika bakin ruwa suna wanke-wanke, dangi sun fito taryarmu. Kaka ta ja gefen zanenta, ya ƙi zuwa. Ta sake ja. Sai ta juyo ta dube shi ido cikin ido, ta ce da ƙarfi, kowa yana ji:

"Haladu, matsa mana. Ka danne mini zane."

Filafili ya suɓuce daga hannun Kaka Gado ya bi ruwa. Da hannu muka ƙarasa tuƙa jirgin zuwa gaɓa.

Iyakar abin da idona ya gani ke nan. Abin da ya rage a ƙarƙashin gurbi, Allah ne masani.